Neman taimako: ta yaya ake kwatanta tobain na tururi ba a zalunci ɗaya ba?

Ɗan_Samaru

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe a fannin injiniyan kanikanci a nan Zariya, kuma aikin kammalawata a kan tobain na tururi ne, wato injin nan mai jerin fikafikai wanda tururi ke juyawa, shi kuma ya juya janareta. An ce in kwatanta aikinsu da wahalar kula da su a tashoshin wuta masu ƙona gas ko mai ko kwal.

Na zaɓi tashoshi huɗu na gida. Egbin ta Legas, mai injuna 6 kowanne megawat 220, jimla 1,320, wadda ta fara ba da wuta a 1985. Sapele, wadda ɓangarenta na tururi injuna 6 ne masu megawat 120. Sai Okpai mai megawat 480 da Afam ta shida mai 650, waɗanda su tobain na gas ne a gaba, hayaƙinsu mai zafi ya dafa ruwa, tururin ya juya tobain guda a baya. Sati uku ina jigila tsakanin ɗakin karatu da shagon buga takardu na bakin kasuwar Samaru, na haɗa jadawali mai kyau har da launi. A layin inganci na zuba alƙaluman da na tsinto daga littattafai da takardun bincike: wani wuri kashi 36, wani 43, wani 55, har da wani 90.

Jiya na kai wa malamin da ke duba aikin. Bai yi minti biyar ba ya zagaye 90 ɗin da jan biro ya rubuta a gefe: "kashi 90 na me?" Ya ce na sa doki da jaki da keke a tsere ɗaya, in tafi in gano dalili da kaina, in dawo bayan sati biyu. Na san da gaskiyarsa, amma na rasa bakin zaren.

Don Allah waɗanda suka taɓa aiki a tasha, da wane ma'auni kuke auna inji? Kuma tsakanin samfurin De Laval da na Parsons, wato manyan tsarin fikafikan tobain guda biyu, wanne ya fi sauƙin gyara? Littafi yana ba da amsa rabi-rabi. Akwai kuma wata tambaya da ba ta cikin aikin, amma tana damuna: in bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya fara aiki, za a iya kafa irin Egbin a yankinmu?

Mai_Caji_Kwangila

Mu dai da muke tayar da janareta tun ƙarfe bakwai na safe, ko wanne ne a kawo mana. In kun gama kwatancen ku faɗa mana wanda ba ya ɗaukewa ana tsakar cajin wayoyin mutane. Allah ya ba da sa'a ɗalibi.

Injiniya_Tudun_Wada

Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminka ya yi maka gata da bai ba ka amsar ba, amma bari in rage maka hanya.

Duka alƙaluman nan huɗu suna iya zama daidai. Matsalar ita ce kowanne inda ya kafa shingensa daban. Kashi 90 ɗin na cikin tobain ne kawai: tururi ya shiga da ƙarfi kaza, fikafikai sun kama nawa daga abin da inji marar aibi zai kama. Kashi 43 ya faɗaɗa shingen, ya haɗa da kondensa (inda tururi ke sanyi ya koma ruwa) da famfunan ruwa da tukwanen ɗumama ruwa, amma ya bar boila, wato babbar tukunyar da ke mai da ruwa tururi, a waje. Kashi 36 shi ne na tasha gaba ɗaya, daga gas ɗin da aka saya zuwa wutar da ta fita ƙofa, bayan an cire zafin da ya bi hayaƙi da wutar da tashar kanta ta sha. Shi kuwa 55 ba na tobain na tururi ba ne sam, na auren gas da tururi ne, kuma a irin wannan aure tururin wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar yake bayarwa. Ka ga ka ɗauki awon ɗaki da awon gida da awon unguwa ka jera su a layi guda.

A tasha ba mu cika cewa inganci ba, cin zafi muke dubawa, kamar yadda direba ke duba shan mai: kilojul nawa aka ƙona kafin a sami yunit ɗaya na wuta. Yunit ɗaya kilojul 3,600 ne. In tasha ta ci 10,000 ta ba da yunit, ka raba, kashi 36 ke nan. Ka mai da komai zuwa wannan ma'auni, ka rubuta ƙarara ko kafin cire wutar cikin gida ne ko bayanta.

Bayan nan kada ka haɗa inji da wanda ba sa'ansa ba. Egbin tururinta na shiga da zafin da ya kusa digiri 540, kuma bayan ya ratsa sashen farko ana mai da shi boila a sake gasa shi kafin ya shiga na biyu. Wannan sake gasawar tana ƙara inganci, tana kuma hana tururi jiƙewa da yawa a ƙarshe. Akwai tashoshin da suka haye matsin megafaskal 22.1 da zafin digiri 374, inda ruwa ke zama tururi ba tare da tafasa ba, irin Medupi da Kusile na Afirka ta Kudu. Mafi ci gaba a irin wannan aji a duniya na wuce kashi 45. Ba gwanintar fikafikai ce kaɗai ta ba su wannan ba, zafi da matsi ne, da kuɗin ƙarfen da zai iya jure su.

Batun De Laval da Parsons kuwa, a aji ne yake da zafi. A na De Laval matsin tururi yana faɗuwa ne a bakin tsayayyun fikafikai, ya fito da gudu ya bugi masu juyawa. Matakansa kaɗan ne, kuma ko tazarar da ke tsakanin kan fiffike da murfi ta ɗan buɗe ba ya asara sosai. A na Parsons, wanda ya fito da shi a 1884, matsin na faɗuwa a masu juyawar ma, don haka matakai sun fi yawa, tazarar dole ta matse, kuma tururi na tura shaf, wato sandar ƙarfen da ke ɗauke da fikafikai masu juyawa, gaba har sai an yi masa abin da zai dawo da shi. General Electric ta bi hanyar farko, Hitachi da ta ƙera na Egbin ma daga wannan gidan ta koyo. Westinghouse da Siemens suka bi ta biyu. Amma injunan zamani gauraye ne, kada ka ɓata babi guda a kai. Shafi biyu ya isa.

Tsohon_Fita

Yaro, Injiniya ya ba ka lissafi. Ni ban yi jami'a ba, fita ne, na fara da ƙaramin tobain a wani kamfanin sukari inda ake ƙona tuƙar rake, daga baya na koma babbar tasha a kudu har na yi ritaya na dawo gida Ƙofar Doka. Jikata ce ke buga mini wannan, in ka ga kuskure nata ne.

Abin da zan ce maka, ka ƙara layi biyu a jadawalinka: sau nawa inji ya tsaya a shekara, kuma tsayuwar shiri ce ko faɗuwa ce. Tobain na tururi ba gudu ke tsufar da shi ba. Ka bar shi yana juyi 3,000 a minti da kaya daidai, zai yi shekara da shekaru bai ce maka uffan ba. Kashewa da kunnawa ke cin ransa. Shaf ya fi murfi saurin ɗaukar zafi, sai ya riga shi miƙewa, alhali tazarar da ke tsakaninsu a wasu wurare ba ta kai kaurin kwabo ba. Shi ya sa in inji ya huce sarai, tayar da shi aikin awoyi ne masu yawa, ana ɗumama shi sannu-sannu kamar mai jego. Kuma akwai wasu gudu da in ya kai su yake karkarwa, waɗannan ba a tsayawa a kansu, wucewa ake yi da sauri.

In ya tsaya ma ba a barinsa ya kwanta. Zafi na taruwa a saman murfi, ƙasa ta riga hucewa, shaf ya lanƙwashe kamar baka. Akwai ƙaramar mota da giya da ke juya shi a hankali kwana da kwanaki har ya huce. Wannan giyar ba ta cikin kowane lissafin inganci, amma ranar da ta ƙi shiga za ka san darajarta.

Ga abin da na gani da idona. Wani dare wajen ƙarfe biyu layin wuta na ƙasa ya faɗi, injinmu ya fita, tasha ta yi duhu. Famfon mai na boris da ke aiki da wutar tasha ya mutu tare da ita. Akwai famfon gaggawa mai aiki da batir, an ajiye shi don irin wannan daren. Ya tashi, ya yi 'yan mintoci, ya mutu, domin batiran sun daɗe da gajiya, kuma an rubuta an sake rubutawa a canza su ba a canza ba. Shaf mai nauyin tan da yawa yana kan gudu ba mai a ƙarƙashinsa. Farin ƙarfen da ke cikin boris ya narke, muna jin warinsa daga ƙasan bene. Da gari ya waye babu halin sa giyar juyi, shaf ya kwanta da zafinsa. Watanni inji na zaune ana jiran kaya daga waje. Injin nan kafin daren yana cikin masu ƙarancin cin zafi a wurinmu. To a jadawalinka ina za ka sa shi, a sama ko a ƙasa?

Ka ce wanne ya fi sauƙin gyara. A hannuna, mai matakai kaɗan ya fi saurin buɗewa da rufewa, kuma ya fi yafe wa fita in awonsa ya ɗan kauce. Na Parsons in ya goga sau ɗaya, haƙoran da ke tare tururi suka cinye, za ka ga shan gas ya ƙaru har sai an buɗe. Amma ban taɓa ganin inji ya mutu saboda samfurinsa ba. Garambawul babba, wanda ake ɗaga murfi a ciro shaf, ana yinsa ne bayan shekaru huɗu zuwa takwas gwargwadon mai ƙira da yadda aka wahalar da injin. Tobain na gas ba ya samun wannan hutu, shi da wuta yake mu'amala kai tsaye, ana leƙa ɗakin ƙonawarsa tun wajen awa 8,000. Don haka in ka ga Okpai ko Afam sun fi Egbin a lissafin gas, ka tuna tururinsu bawan na gas ne: ranar da aka tsayar da na gaba, na baya ma ya rasa abinci.

Abu ɗaya da nake tsoro har yau shi ne bawul ya maƙale. In janareta ya saki kaya tururi bai yanke ba, cikin daƙiƙoƙi inji ke wuce gona da iri. An saita shi ya yanke kansa a wajen 3,300. A 2011 wani inji a tashar Duvha ta Afirka ta Kudu ya tarwatse ana tsakar gwajin wannan kariyar. Shi ya sa muke ɗan motsa bawuloli a kai a kai ko ba abin da ya faru, don a tabbata ba su cije ba.

Yaya_Mai_Lab

Baba Allah ya ƙara lafiya, a gaida jika mai buga rubutu. Sai dai kun yi maganar ƙarfe da mai kun manta da mu 'yan ɗakin gwaji, kamar kullum.

Ƙanena, je ka leƙa cikin butar shayin mai shayin layinku, wanda ke dafa ruwan rijiya. Farin abin nan da ya kama gindinta, shi ne maƙiyin tobain. Ruwan boila sai an tace shi an cire masa duk wani gishiri, har ya zama da ƙyar yake ɗaukar lantarki. Silika, wato sinadarin yashi, a cikin tururi ba a so ta wuce kashi 20 cikin biliyan. In ta wuce, tururi mai matsi yana ɗauke da ita a narke, yana sanyi a hanya ta sauka ta manne wa fikafikai, hanya ta tsuke, fuska ta yi kaushi, megawat na raguwa a hankali ba wanda ya ji ƙara. Tagulla ma tana yin haka a sashen farko in bututun ɗumama ruwa na tagulla ne.

Mafi muni shi ne bututun kondensa ya huje. Egbin da ruwan tafkin Legas take sanyaya tururinta, ruwa mai gishiri-gishiri. Tunda cikin kondensa matsi na ƙasa da na waje, ko hujin allura ne ruwan sanyaya ne zai shigo, ba na ciki ne zai fita ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: gishirin ya bi ruwa zuwa boila, ya bi tururi, ya taru a dogayen fikafikan ƙarshe daidai inda tururi ke fara zama raɓa. Ya yi ɗan rami, ramin ya zama tsaga, wata rana fiffike ya ɓalle. A nan ne kuma ɗigon ruwa ke cin bakin fikafikai, shi ya sa ba a son jiƙewar tururi ta wuce kashi 10 zuwa 12 a mafita, ake kuma lanƙaya wa bakinsu ƙarfe mai tauri.

Ga wani abu na ƙasarmu da littattafan waje ba sa damuwa da shi. Inji lafiyayye ya zauna sati biyu ko wata saboda babu gas. In ba a busar da cikinsa da busasshiyar iska ba, danshi da iska sun haɗu a kan ƙarfe, tsatsa ta fara. A takarda an rubuta "ba gas", laifin ba na inji ba ne, amma shi zai biya bayan shekara biyu. In za ka iya samun rajistar gwajin ruwa ta kowace tasha, ko ta wata shida ce, ta fi maka takardar mai ƙira amfani.

Baƙon_Agadas

Salamu alaikum 'yan uwa na Zazzau. Ɗalibi, in ba dole sai na Najeriya ba, ka duba tamu ta Anu Araren kusa da Cirozerin. Kwal take ƙonawa daga ramin da ke gefenta, injuna biyu ne ƙanana, kowanne bai kai megawat 19 ba, tun farkon shekarun 1980 suke ba Arlit da Agadas wuta. Kwal ɗin toka gare shi da yawa, wurin kuma hamada. In ka auna su da ma'aunin Injiniya za su zo na ƙarshe. In ka auna da na Baba, shekara arba'in da ɗoriya suna juyi a inda ruwa ke da tsada. Ku ma kuna da irinta a da, ta Oji River mai kwal ɗin Inugu, megawat 30, amma ita ta daɗe da yin shiru.

Injiniya_Tudun_Wada

Baba, ban ƙi taka ba, amma kada yaron nan ya fita da tunanin cin zafi ba komai ba ne. Injin megawat 220 a cike yana ba da yunit miliyan 5 da dubu 280 a yini. Kashi ɗaya cikin ɗari na gas ɗin wannan, a tara shi shekara, ya sayi batira ɗaki guda har da canji. A sa duka biyun a jadawali.

Na manta tambayarka ta ƙarshe. Gas ba shi ne cikas ba, bututun kilomita 614 ne kuma ta yankinmu ya bi. Sanyaya ce cikas. Ƙarfin tobain na tururi rabinsa a wutsiya yake: in tururi na komawa ruwa a digiri 40, matsin kondensa kilofaskal 7.4 ne; in sai a digiri 60, ya kusa 20, kuma fikafikan ƙarshe sun rasa aikin yi. Tasha mai hasumiyar sanyaya da ruwa na shan wajen lita 2 a kowane yunit, wato inji ɗaya irin na Egbin ya haura lita miliyan 10 a yini. Ka je ka tsaya bakin Galma ko dam ɗin Kubanni a watan Afrilu ka gaya mini daga ina za a ɗebo. Mafita ita ce sanyaya da iska, kamar tashar Matimba ta Afirka ta Kudu, inda shan ruwa bai kai rubu'in lita a yunit ba. Amma a zafin bazararmu da ke taɓa digiri 40, kondensar iska za ta kai ka kusa da 60 ɗin nan, ga ƙurar hunturu da za ta toshe ta sai an riƙa wankewa. Na gas ma ba zai tsira ba, Zariya ta haura mita 600 a kan teku, iska ta fi sauƙi, ƙarfinsa zai ragu. Ra'ayina, a nan aure ne zai yi: gas a gaba, ƙaramin tururi a baya mai sanyaya da iska, domin zafin da za a zubar ya ragu sosai.

Ɗan_Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta labarin batiran nan sau uku, na kuma tura wa abokan aikina biyu.

Daren jiya na yage jadawalin. Na raba tashoshin gida biyu, Egbin da Sapele a gefe, Okpai da Afam a gefe, ba zan ƙara haɗa su a layi ɗaya ba. Komai na mai da shi cin zafi. Na buɗe layin matsin kondensa da zafin ruwan sanyaya, na buɗe na yawan faɗuwa, na kuma raba kwanakin tsayuwa uku: na gyaran shiri, na lalacewa, da na rashin gas ko faɗuwar layi. Babin De Laval da Parsons ya koma shafi biyu da rabi, Injiniya a yi haƙuri da rabin. Ta Anu Araren zan sa ta a babin bita in malam ya yarda.

Yaya, rajistar ruwan nan ce ban san ta inda zan bi ba. Wani ɗan ajinmu ya yi horon sanin makamar aiki a wata tasha bara, zan tambaye shi ko ya kwafo wani abu a littafinsa. In an samu ta wata ɗaya ce kawai, wanne zan fara dubawa, silika ko gishiri?

Yaya_Mai_Lab

Gishiri, a ruwan da ke fitowa daga kondensa. Ka duba ranakun da ya yi tsalle, ka ɗora su a kan ranakun da inji ya faɗi ko aka rage masa kaya. In littafin abokin naka da fensir ya rubuta, ɗauki hoto ka turo mini, na saba karanta irinsa.